Sojan Dalma Mai Shatin Haƙora

Kaka, mahaifin Baba, ya rasu ranar Talata da hantsi, gero yana tsaye a gona ba a fara girbi ba. Wanda ya ba mu aronsa ya karɓi abinsa, mu ma muna kan hanya. Ina makaranta a Sakkwato aka kira ni, ban iso garinmu ba sai Laraba da la'asar, bayan na sauka a Anka na jira mashin mai shiga hanyar Bagega. Na tarar an kai shi tun jiya.

Tabarmi uku aka shimfiɗa a ƙofar gida, ɗaya ce kawai ta cika. A cikin gida mata suna zaune suna hirar tsadar taki. Idan wata ta shigo sai a yi shiru, ta ce Allah shi jiƙan shi, a ce amin, a koma kan taki. Gwaggo, ƙanwar Baba, ta yi kuka kaɗan ta share. Na zauna a gefe da jakata a cinya, ina jin abin da ake faɗa a bayana.

"Tsoho da wasan 'yan tsana har cikin kabari."

"Ai liman ya daɗe yana hwaɗa mai, mala'iku ba su shiga ɗaki mai gumaka."

"Bar ta gumaka. Wanda yak kashe jikatai da hannu nai, mi za a ce?"

Wannan ta ƙarshe makwabciyarmu ce ta faɗa, kuma ba ta rage murya ba. Inna tana kusa da ita tana tsince wake, ba ta ɗago ba. Mutum ɗaya na ga idonsa ya yi ja da gaske, wani tsohon makiyayi daga wajen Gwashi da ya saba kawo wa Kaka nono. Ya zauna shi kaɗai a ƙarshen tabarmar da babu kowa, sandarsa a kan gwiwa.

Ina rubuta wannan ne saboda maganar makwabciyarmu. Shekara goma sha biyar ke nan garinmu yana cewa Kaka ya kashe ƙanwata. Bai kashe ta ba, kuma ni na san yadda aka yi. Ba na iya magana a gaban mutane, muryata rawa take yi. Rubutu kaɗai na iya.

Kaka yana da sojoji talatin da shida, na dalma, kowanne bai wuce tsawon ɗan yatsa ba. Yana saurayi ya yi aikin kuku a bariki a Kaduna, gidan wani hafsan Turawa, da mutumin zai koma ƙasarsu ya bar masa su a akwatin kwano mai kwaɗo. Akwai masu bindiga a kafaɗa, akwai masu durƙuso, akwai mahaya biyu, da mai tuta, da mai ganga ɗaya. Kowace shekara idan an gama kai amfani rumbu, sai ya shimfiɗa buhu a ɗakinsa na zaure ya fito da su.

Aikinsa yana da tsari, kuma ba ya karya shi. Zai jiƙa soja a ruwan toka kwana biyu har tsohon fenti ya yi laushi. Sannan ya kankare shi da tsinke a cikin tasa, hannunsa a ƙarƙashin ruwa, ba ya taɓa kankarewa a bushe. Ruwan da ya yi baƙi yakan kai shi bayan gari ya haƙa rami ya zuba ya rufe. Ya dawo ya wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu kafin ya taɓa ko goro. Idan kan soja ya cire, sai ya sa tsinken ashana a cikin wuyan ya dasa kan a kai. Idan bakin bindiga ya karye, karyayyiyar allura ce ke maye gurbinsa. Buroshinsa da kansa yake yi, gashin jelar akuya a cikin karan gashin zabo, wani bai fi gashi biyar ba, na ɗiga ido. Fenti kuwa ragowar gwangwanaye ne da yake roƙa wajen masu zanen motoci a Gummi. Shafin farko fari, a bar shi ya bushe, sannan ja na riga, baƙi na takalmi, rawaya na maɓalli. Fuskokinsu tun kafin a haife ni ya mai da su baƙaƙe. Ya ce sun daɗe a rana.

Ba mutum ne mai daɗin zama ba, ba zan yi masa ƙarya don ya mutu ba. Ba ya ba yaro alawa. Idan ka gaishe shi yana aiki ba zai amsa ba sai ya gama layin da ya ja. Ɗan Baffa ya taɓa ɗaukar mahayi ɗaya ya kai baki, Kaka ya mare shi har ya faɗi, ya cusa masa yatsa da sabulu a baki yana wankewa yaron yana kakari. Matar Baffa ta yi wata biyu ba ta gaishe shi ba. Abin da ya ce mata kawai shi ne, "Dalma ba ta da ɗaci, shi as sharrinta."

Ni kaɗai yake bari in zauna a bakin ƙofa in kalla, don ba na magana kuma ba na taɓa komai. Yana kirana amarya, irin wasan kaka da jika.

"Amarya, kin zo ganin dakaruna? Da su za ni zo biko in kin yi yaji."

"Ni ba ni son tsoho."

"Tsohon da ad da runduna? Ki tambaya cikin garin ga wa ad da soja ko guda."

Ina shekara tara haƙar zinari ta yi ƙarfi a wajenmu. Maza suka bar gona suka shiga ramuka. Baba ya fara kawo duwatsu a buhu, ana farfasawa a tsakar gida, ana kai wa injin niƙa, wanda bai niƙu sosai ba Inna ta ƙarasa shi a turmi. Garin dutse ya kwanta a kan komai, a kan faifai, a kan randa, a kan gashin ƙanwata da ke rarrafe. Babu wanda ya ga laifin hakan. Gidaje suka sami rufin kwano, mu ma muka samu.

Wata safiya Kaka ya shigo cikin gida, abin da ba ya yawan yi. Ya ɗauki gutsuren dutse mai walƙiya toka-toka, ya auna nauyinsa a tafin hannu, ya goga shi a bangon littafina. Ya fito da soja ɗaya da ya kankare ya goga kusa da shi. Ya nuna wa Baba layukan biyu.

"Dube su. Wanga dutse da dalma ciki. Fitar da shi daga gidan ga."

Baba ya yi dariya. "Baba, kai komi dalma ne gare ka. Zinari na."

"Na ce ka kai shi daji ka niƙa can."

"In kai shi daji a sace? Kwanon da kake kwana ƙarƙashi nai, sojojinka sunka saye shi?"

Kaka ya zage shi, zagi mai muni, a gaban Inna da mu. Ya ce ya haifi jaki mai bin ƙyalli. Baba bai rama ba, amma daga ranar ya daina shiga ɗakin zaure da safe. Duwatsu kuma suka ci gaba da zuwa.

Ƙanwata tana haƙori a lokacin, ba ta kai shekara biyu ba. Kuka take yi wuni guda, komai ta samu sai baki. Inna tana daka, ni ce mai goyo. Wata rana Kaka ya tafi zubar da ruwan tasa ya bar akwati a buɗe, abin da ban taɓa ganin ya yi ba. Na shiga na ɗauki mai ganga. Shi na fi so, ɗan ƙarami ne, kumatunsa a cike. Na ba ta don ta yi shiru. Ta yi shiru. Na ce zan mayar kafin ya lura, amma duk lokacin da na karɓe sai ta fasa kuka, sai in mayar mata. Kwana shida yana hannunta, ina ɓoye shi a cikin zanin goyo. Kaka yana ƙirga sojojinsa kullum. Bai tambayi kowa ba, sai dai na ga yana duba ƙarƙashin buhu da bayan randa.

Rana ta bakwai ta fara amai, sannan jijjiga. Idonta ya juye. Kafin a sami mashin zuwa Anka ta rasu a hannun Inna. A makon nan yara huɗu aka binne a unguwarmu, a gidajen da ba su taɓa ganin sojan dalma ba.

Gwaggo ce ta warware zanin goyon za ta wanke, mai ganga ya faɗo. Ta kai wa Baba a ƙofar gida, a gaban masu gaisuwa. Ina tsaye a soro ina leƙe. Baba ya juya shi a hannu. Fentin hular ya tafi, kuma a kafaɗarsa akwai shatin haƙora huɗu, biyu sama biyu ƙasa.

"Baba," in ji shi, a hankali, "kai da kac ce dalma na kisa. Wa ya ba ta wanga?"

Kaka ya ɗago ido, ya wuce kan Baba, ya wuce kan liman, ya same ni a soro. Ya daɗe yana kallona. Ban motsa ba. Bakina ya ƙi buɗewa, kuma ba zan ce na yi ƙoƙari sosai ba.

"Ni nab ba ta," in ji Kaka.

Ya miƙa hannu ya karɓi sojansa ya shiga ɗaki.

Bayan wasu makonni likitoci suka zo da motoci. Suka ɗebi jinin yara, har da nawa. Suka zo da wata na'ura da ake ɗorawa a ƙasa, suka bi gida gida. Suka ce garin dutsen ne, dalma ce a cikinsa, ita ke kashe yara. Aka kankare ƙasar tsakar gidanmu aka kwashe a buhuna aka zubo sabuwa. Ɗakin Kaka kaɗai suka auna suka wuce ba su taɓa ba. Gari ya yarda da maganar likitoci a kan kowane yaro, ban da namu. Namu yana da wanda ya amsa laifi da bakinsa a gaban liman, kuma hakan ya fi wa kowa sauƙi.

Baba ya toshe ƙofar da ta haɗa ɗakin zaure da cikin gida, da tubali da laka, ya fasa wa Kaka wata ta waje. Tuwonsa a bakin ƙofa ake ajiyewa, wani lokaci kaji su riga shi. Inna ba ta ƙara gaishe shi ba, ko da Sallah. A masallaci akan bar tazara tsakaninsa da na kusa da shi. Yara suka yi masa waƙa, suna bin sa idan zai kai ruwan tasa bayan gari, kuma iyayensu suna ji. Da ƙafarsa ta kumbura wata damina, kwana uku babu wanda ya leƙa, sai tsohon makiyayin nan da ya zo da nono ya tarar da shi.

Wanda ya karanta zuwa nan zai ɗauka Kaka ya yafe mini. Bai yafe ba. Tun ranar bai ƙara ce mini amarya ba. "Ke" yake cewa. Da kaka ta zagayo ya aiko a kira ni. Na shiga ta ƙofar waje. Ya tura mini tasa da tsinke da mai ganga.

"Kankare."

Na kankare a ƙarƙashin ruwa yadda na sha gani. Da fenti ya fita, shatin ya fito fes, huɗu. Na ɗauki ɗan danƙon da yake cike ramuka da shi, ya buge mini hannu.

"Wa yac ce ki cike? Shafa a kai hakanan."

Kwana biyar na yi ina shafawa. Na gama na miƙa masa. Ya duba a hasken ƙofa, ya jefa shi cikin ruwan toka.

"Igiyar ganga ta karkace. Sake."

Haka muka yi kowace shekara. Shi yana da talatin da biyar, ni ina da ɗaya. Ba ya hira da ni, ba ya tambayar karatuna. Hannuna ya ƙware har na iya ɗiga ido da gashi biyar ba tare da na riƙe numfashi ba, amma bai taɓa cewa ya yi kyau ba. Mafi alherin abin da na samu shi ne ya duba ya mayar akwati bai ce komai ba. Kowace shekara sai yatsana ya bi ta kan ramukan nan huɗu sau ɗari, kuma ya san haka, don haka ya ba ni.

Ina aji biyar na sakandare na yi ƙarfin hali sau ɗaya. Na ajiye buroshi na ce, "Kaka, zan faɗa wa Baba."

Bai ɗago daga mahayin da yake shafawa ba.

"Kin gaji da ɗauka, kina neman inda za ki sauke."

"Ba kai ka yi ba."

"Da kin hwaɗi ran nan, da magana ce. Yanzu mi za ta gyara? Ki tai ki ce ma uwarki ɗiyarta ce ta kashe ɗiyarta, ke ki samu barci." Ya tsoma buroshi a kananzir. "Kuma ba ke kik kashe ta ba, kada ki ɗauki kanki da girma. Dutse na. Ke ɓarauniya ce kawai, mai tsoro. Ɗauki buroshinki."

Na ɗauka. Na yi kuka a kan mai ganga har jan rigarsa ya ɓaci, ya sa na sake.

Alheri ɗaya nake da shi da zan ajiye kusa da wannan. Littafin nan da ya goga dutse a bangonsa, da sauran littattafaina da suka yage, nakan manta su a ɗakinsa da gangan. Idan na dawo sai in tarar an ɗinke su da zaren buhu, an yi musu bango da kwali, an rubuta sunana da baƙin fenti, da ajami, da buroshin ido. Bai taɓa ambata ba, ni ma ban taɓa godewa ba. Da zan tafi Sakkwato na je sallama, ya ce, "Ki dawo da kaka, aikinki na nan." Bana ne kawai bai jira kaka ba.

Ranar sadakar uku Baffa ya fito da akwatin. Ya fasa kwaɗon da guduma a gaban mutane. Ya ce maƙeri ya ce dalma ce mai kyau, 'yan sa-kai suna neman ta harsashin bindigar toka, tunda ɓarayin daji sun matso. Wani ya ce to yau dai sojojin tsoho za su ga yaƙi, aka yi dariya, har Baba ya murmusa. Baffa ya juye su a buhu kamar gyaɗa. Ina tsaye a soro, a daidai inda na tsaya shekara goma sha biyar da suka wuce, ina ƙirgawa suna zuba. Talatin da biyar. Ban ce a bar su ba. Na ji ƙarar kawunan da ya dasa da ashana suna karyewa a cikin buhun.

Da mutane suka watse, tsohon makiyayin ya aiko a kira ni bakin ƙofa. Ya ciro ƙullin tsumma daga aljihu.

"Ya ba ni wanga tun da azumi. Ya ce in ba yarinyar nan mai karatu, in ce mata shekarar ga ma aikinta na nan."

"Haka yac ce? Yarinyar nan?"

Ya yi tunani, mutum ne da ba ya ƙari. "Haka yac ce."

Na shiga da mai ganga a hannu. Inna tana ƙofar ɗakinta ita kaɗai tana tankaɗe. Na durƙusa a gabanta na buɗe tsumman. Muryata ta yi rawar da na san za ta yi, amma na faɗa duka, akwatin da aka bari a buɗe, kwana shida, zanin goyo. Na ce Kaka bai ba ta komai ba, ni ce.

Ba ta daina tankaɗe ba.

"Na sani."

Na ɗauka ban ji daidai ba.

"Ina daka ina kallonku. Na gan shi a bakinta tun rana ta biyu. Na ce bari dai ta yi shiru in gama."

"Inna, to don mi kunka bar shi haka? Shekara goma sha biyar?"

Ta buga rariya a gefen ƙwarya, ta dube ni a karo na farko.

"Wa kike so shi ɗauka? Ubanki da ya kawo dutsen, ko ni da nid daka shi, ko ke? Mu da sauran zama a gidan ga. Shi yam miƙa hannu da kansa, munka ba shi."

"Ko gaisuwa, Inna."

"In na gaishe shi, sai mutane su ce to wa? Ɗauke wanga abu daga kusa da garina, ki wanke hannunki."

Na ɗauke. Na wanke hannuna da sabulu har gwiwar hannu.

Yanzu ina ɗakina a makaranta. An fara girbi a gida. Na jiƙa mai ganga a ruwan toka kwana biyu, na kankare shi a ƙarƙashin ruwa, na yi masa shafin farko. Wannan takarda zan kai wa liman kafin sadakar arba'in, in roƙe shi ya karanta a ƙofar gidanmu, a inda aka yi tambayar. Wataƙila ya ƙi. Wataƙila ya karanta a ce yarinya ce karatu ya taɓa mata kai. Ko ma yaya, a rubuce yake: Kaka ya gane dalma kafin likitoci su zo, ya faɗa aka yi masa dariya, ya yi ƙarya sau ɗaya a rayuwarsa don ya rufe jikarsa, gida guda kuma ya zauna a inuwar ƙaryar yana ajiye masa tuwo a ƙasa.

Allah, ka san abin da ya ɗauka da wanda ya ɗora masa. Ka yalwata masa kabari fiye da ɗakin da muka toshe, ka haɗa shi da jikar da bai cuta ba, ka yafe masa zafin bakinsa. Mu da muka rage, ban san da wane baki zan roƙa mana ba.

Gobe zan shafa jan riga. Ramukan huɗu suna nan a kafaɗa, ban cike su ba.